Fita rigakafi bakin Binuwai da bayan mayo: inda aiki ya kai

Litinin, 12 Fabrairu 2024

Yau muka baje rajistar rigakafi ta bara a kan tebur, ni da shef, wato shugaban asibitinmu, da abokin aikina da 'yan sa-kai na unguwanni, muka bi ta layi-layi don mu ga a ina ne yara suke zubewa. Asibitinmu ƙarami ne, tsakanin Garwa da Lagdo a arewacin Kamaru, mu biyu ne kawai nas masu taɓa allura, amma yankin da aka ɗora mana yana da faɗi: akwai zangon masunta a bakin ruwa, akwai ƙauyukan bayan mayo, wato tsallaken rafi, ga rugagen Bororo da ke sauka da rani su tashi da faɗuwar damina.

Abin da rajista ta nuna ba sabo ba ne amma ganinsa a rubuce ya fi ciwo. BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna na haihuwa suna da yawa, penta, allurar cuta biyar, ta farko ta sati 6 ma ba laifi, daga nan sai layi ya fara ramewa, ta sati 10 ta ragu, ta sati 14 ta ƙara raguwa, allurar ƙyanda da shawara ta wata 9 sai ka yi ta neman suna, ta biyun ƙyanda kuwa ta wata 15 shafinta kusan fari fat. Ke nan yawancin iyayen nan ba ƙin rigakafi suke ba tunda da ƙafarsu suka kawo yaran da farko, wani abu ne yake tare su a hanya.

Shawarar da muka tsayar: kowane wuri zai samu ranarsa guda a wata, rana ɗaya wuri ɗaya, ba canji ko da mutum biyu ne suka fito. 'Yan sa-kai su zaga gida-gida jajibirin ranar da sunayen waɗanda suka ɓace. Kuɗin mai daga asusun asibiti, shef ya amince amma fuskarsa ba ta amince ba.

Alhamis, 22 Fabrairu

Fita ta farko, zangon masunta. Tun shekaranjiya abokin aikina ya je ya gaida sarkin ruwa ya nemi izini, aka ba mu gindin wata tsamiya kusa da masallaci da tabarmi biyu da benci. Mun isa da hantsi muna jin kanmu, mun shimfiɗa komai, shiru. Ashe lokacin ne maza suka fito daga ruwa, mata kuma kowacce tana kan fiɗa da banda, wadda ta bar kifinta ta zo layi ranar ta yi asarar abin da za a ci. Wata dattijuwa ce ta leƙo ta ce min "yarinya in mata kike so ki dawo bayan la'asar, yanzu ko gobara ce sai an kwashe kifi". Muka koma inuwa muka jira, la'asar sakaliya kuwa sai ga su da goyo har tabarma ta kasa. An mayar da lokacin zangon nan la'asar daga yau.

Wani abu da muka yi ta ja da shef a kansa kafin mu fito shi ne buɗe kwalba. Kwalbar allurar ƙyanda ta yara 10 ce, ta BCG ta 20, kuma da zarar ka haɗa su da ruwansu awa 6 kawai gare su, abin da ya saura zubarwa ake. Don haka aka saba a ce wa uwa ta je ta dawo ranar da yara suka taru. To uwar da ta biya moto zuwa da dawowa, ta roƙi mijinta kafin ya bar ta ta fito, ki ce mata ta dawo? Wallahi ba za ta dawo ba, kuma da gaskiyarta. Ni dai matsayina shi ne a fita ko yaro ɗaya ne a buɗe masa, asarar kwalba ana rubutawa a rapor a wuce, yaron da ya koma ba allura kuma ba shafin da ake rubuta shi.

Talata, 5 Maris

Zazzaɓin bayan penta shi ne babban ɓarawon yaranmu, yanzu kam na tabbata. Cikin sunayen da 'yar sa-kai ta kawo akwai wata yarinya mai ɗan fari, an yi wa ɗanta ta farko tun Disamba ba ta sake leƙowa ba. Na shiga gidan da sallama, ita tana tsugune tana wanke-wanke ba ta ko ɗago kai ba, surukarta ce a kan tabarma tana gyaran gyaɗa, ita ce mai magana. Na durƙusa na gaishe ta na ce Goggo mun zo duba jikanki ne. Ta ce "kun duba shi ai, lafiyarsa lau aka kai muku shi kuka dawo min da shi jiki kamar wuta, cinya a kumbure, kwana muka yi ba wanda ya runtsa, ubansa ya rantse ba a ƙara kai shi".

Ban musa mata ba don gaskiya ta faɗa, haka penta take yi wa yara da yawa, kwana ɗaya zuwa biyu ta sake su. Na tambaye ta ko wani ya gaya musu hakan zai faru, ta ce wa zai gaya mana, an soka an ce ku tafi. Nan na zauna sosai na ce Goggo allurar nan cuta biyar take tarewa, mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora da ciwon hanta da wata ƙwayar da ke kawo sanƙarau da ciwon haƙarƙari, kuma guda ɗaya ba ta isa sai an cika uku. Da na ambaci tarin shiƙa sai ta ajiye faifan, ta ce ta san shi, ya ɗauke mata ɗiya tun tana amarya. Ba ta ce eh ba ba ta ce a'a ba, ta ce sai uban ya dawo. Yau da safe sai ga ta da kanta da yaron a baya, uwar na biye da karne, katin asibitin yaron, a leda. Kuma ba a sake masa daga farko ba, wannan ma mutane ba su sani ba, suna jin kunyar dawowa wai sun makara, alhali duk daɗewar da aka yi daga inda aka tsaya ake ɗorawa, in dai akwai sati 4 tsakani.

Daga yanzu kafin sirinji ya fito sai an yi magana, kuma a gaban kowa da murya sama don kakanni su ji: jiki zai iya zafi, wurin zai iya tauri, a ba shi nono da yawa, a sa tsumma mai sanyi, kar a murza kar a shafa man zafi. In zafin ya wuce kwana biyu ko ya ƙi kama nono ko ya yi jijjiga a kawo shi ko da tsakar dare ne. BCG ma haka, ƙurjin da ke fitowa bayan 'yan makonni ya fashe ya bar tabo aikinta ne, ba ya son toka ba ya son komai. Maganar tana cin lokaci, layi yana daɗewa, abokin aikina yana ta duba agogo, to ya duba.

Asabar, 23 Maris

Azumi ga zafin Maris, sama da digiri 40 kullum, ga ɗauke wuta. Firigonmu dole ya zauna tsakanin 2 da 8, safe da yamma ake rubuta abin da ma'auni ya nuna, daren Laraba da wuta ta ƙi dawowa sai da muka kwashe komai cikin kula aka kai asibitin da ke da firigon sola. Kowace kwalba akwai ɗan tambari a jikinta, murabba'i a cikin da'ira, in murabba'in ya yi duhu ya kamo da'irar shi ke nan ta mutu, na koya wa 'yan sa-kai dubawa har sun fi ni sa ido. Sanyi ma yana kashewa, penta in ta daskare ta tashi aiki, shi ya sa ba a ɗauko ƙanƙara daga firiza a jera kwalabe a kai sai ta fara narkewa kana girgizawa kana jin ruwa.

Fita mun mayar da ita sassafe a bayan mayo don da yamma kowa na kan murhu. Masu ciki sun yi ta gudun allurarsu ta tetanus wai tana karya azumi, liman ya yi bayani a wajen tafsiri cewa allurar da ba abinci ba ce ba ta karyawa, ya fi mu iya faɗa kuma an fi jin tasa.

Laraba, 17 Afrilu

Baƙon dauro ya shigo ɗaya daga ƙauyukan bayan mayo, bayan salla da ziyarce-ziyarce. Sai da ya kwana biyu a gidaje kafin labari ya iso mu saboda ɓoye yaro ake a ƙuryar ɗaki, ba wanka, ba a son ma a ambaci sunan ciwon. Waɗanda na gani idanu jajur sun manne da kwantsa, baki ya fashe, tari, ƙuraje tun daga bayan kunne har ciki. Mun sanar da distirik, an ɗebi jini an tura ɗakin gwaji na Centre Pasteur, mun ba da bitamin A ranar da washegari, mun wanke idanu, ɗaya mai numfashi sama-sama mun tura shi Garwa. Duk waɗanda suka kwanta ba mai allurar wata 9 a karnensa, wasu ma ba karnen.

Ranar fitarmu a ƙauyen sai da allurar ƙyanda ta ƙare aka koma aka ƙaro. Ban ji daɗin cikar ba sam, tsoro ne ya kawo su kuma tsoro ba ya daɗewa. Ƙyanda tana da kamu fiye da yadda ake zato, sai kusan 95 cikin 100 na yara sun samu allura biyu kafin ta rasa hanyar yawo a gari, mu kuwa ta biyun ko rabi ban ce mun kai ba.

Lahadi, 12 Mayu

Mun gano wata ɓaraka kuma, wankan gida. Mai haihuwar fari takan tafi gidan iyayenta, wata Gidar wata Marwa wata ma ta tsallaka Yola ko Mubi, a can za a yi wa jariri BCG ko kuma ba a yi ba, ta dawo bayan arba'in ba wanda ya san da ita a rajistarmu, asibitin can kuma sun rubuta ta a ɓatattu. Waɗanda suka zo wanka wajenmu ma haka muke rasa su. Wanda ya san duk haihuwar da aka yi a unguwa ba mu ba ne, ungozoma ce da wanzami, ita ta yanke cibi shi kuma ranar suna yana can da askarsa. Mun je mun gaishe su da goro da sabulu. Iya ungozoma ba ta karatu amma ta jero min gidajen masu jego da masu cikin da ya tsufa ba ta tsallake ko ɗaya ba, har da wadda mijinta bai so a sani ba tukuna. Baba wanzami ya ce shi ba ruwansa da allura amma zai riƙa faɗa wa 'yar sa-kai gidan da ya yi aski. Maganar cire beli kam na haɗiye ta yau, ba a haɗa roƙo da faɗa a zama ɗaya, zan dawo mata.

Kuma mun daina cewa sati 6. Arba'in da kwana biyu muke cewa, ranar da aka gama wanka a ƙara kwana biyu a kawo yaro, ba macen da ke manta ranar arba'in ɗinta.

Abokin aikina ya je kasuwar Pitowa yau don ya kama arɗon Bororo, a ruga ba a samunsa. Ya ce sun kusa tashi, in muna so mu zo cikin satin nan da asuba kafin mata su fita tallar nono.

Alhamis, 27 Yuni

Allurar palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ita ce ta tayar da ƙura a watan nan. Kamaru ce ƙasa ta farko da ta sa ta cikin rigakafin yau da kullum, an ƙaddamar a Soa kusa da Yawunde ranar 22 ga Janairu, a gundumomin lafiya 42, ana yi a wata 6 da 7 da 9 sai ta huɗu a wata 24. Tun lokacin saƙonnin murya suke yawo a WhatsApp, wai gwaji ake da 'ya'yanmu, wai ta hana haihuwa ce. Jauro ya tara magidanta a ƙofar gidansa bayan la'asar ya ce mu zo mu amsa da bakinmu.

Wani dattijo da ya yi zaman Kano shi ya fara, kuma ba shirme ya faɗa ba. Ya ce a 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada magani a kan yara a Kano, wasu suka mutu wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a. Ya ce kuma me ya sa in ɗansa na zazzaɓi sai ya biya kuɗin karne da na gwaji da na magani, amma ɗigon shan inna har gado ake biyo shi da shi kyauta, shekara da shekaru? Na ce Baba abin Kano ya faru, ba zan ce maka ƙarya ne ba, kuma tambayarka ta biyu ni ma ina yin ta. Amma wannan allurar ba a kanmu aka fara ba, tun 2019 ake yi wa yara a Gana da Kenya da Malawi, sama da yara miliyan 2, kuma an ga mutuwar yara ta ragu da kashi 13 cikin 100 a wuraren. Na ce kuma ba ta hana palu ɗungurungum, tana rage mai tsananin ne, mai sa jijjiga da ƙarin jini, don haka gidan sauro yana nan daram. Na lura duk lokacin da na faɗi abin da allura ba ta iyawa sai su ƙara saurarona.

Shan inna kuwa shi da kansa ya ba da amsar, wani ya tambaye shi yaushe rabon da ya ga ƙaramin yaro na jan gindi a unguwa, ya yi shiru ya ce an daɗe. Tun Agusta 2020 aka ce Afirka ta rabu da asalin ƙwayar, sauran nau'in da ke ɓulla inda yara ba su cika ɗigo ba shi ake bi yanzu, yankin tafkin Chadi na ciki. Sai liman ya kawo maganar mashaƙon da ya yi ɓarna a Kano bara, kusan kowa a wurin yana da ɗan'uwa can, kuma sun ji yadda yara ke shaƙewa. Ba a tashi da kowa ya yarda ba, gidaje biyu sun ce kar mu ƙara taka musu ƙofa, mun ce to, ranar fita dai muna gindin bishiya.

Litinin, 29 Yuli

Damina ta kankama, kowa na gona, gero da masara da auduga, mayo ya kawo har wuya. Moto a kai ake ɗaukarsa a tsallake, kula kuma ni nake rungume ta. Zuwa-zuwa ma, fetur ɗin bakin hanya, tun da Najeriya ta cire tallafin mai bara bai sake sauka ba, shef ya ce a rage fita, na ce a rage komai ban da ranar da muka yi wa mutane alkawari, don ranar da suka zo suka tarar da gindin bishiya wayam sai mun shekara muna lallashi.

Abin da ya cece mu shi ne rabon maganin palu na damina, wanda ake bi gida-gida kowane wata daga Yuli zuwa Oktoba ga yara 'yan wata 3 zuwa 59. Wannan kam ba a ɓoye masa yaro, har kiran masu rabo ake. Muka ce wa 'yan sa-kai duk gidan da suka shiga su ce a nuna karne, wanda ba shi da shi a duba hannu ko akwai tabon BCG. Nan aka tono yaran da ko ɗigo ba su taɓa samu ba, yawanci a bukkokin baƙi 'yan ci-rani da suka zo noman haya, ba su san kowa ba ba wanda ya san su.

Talata, 24 Satumba

Ruwa. Namu bai kai na Yagwa da bakin Logon ba amma zangon masunta ya tashi, ga shi an fara sakin ruwan Lagdo, mutane sun hau tudu wasu sun koma makaranta. Karne da yawa sun jiƙe sun dame kamar tuwo. Allah ya sa tun Mayu muke ɗaukar hoton kowane karne a waya kuma muna da littafi na biyu da ke bin unguwa-unguwa, da shi muke sake cika sabbi. Ranar fitarsu da kwale-kwale muka bi su inda suka koma, sarkin ruwa ya ba da jirgin da matuƙi bai karɓi ko dala ba. Gudawa ta yi yawa a yara, mun haɗa da rabon gishirin ORS da zinc da maganar tafasa ruwa.

Litinin, 21 Oktoba

Mun sake baje rajista. Tazarar penta ta farko da ta uku ta matse sosai a zangon masunta da ƙauyen da ƙyanda ta shiga, ta wata 9 ta ɗaga, 'yan ci-rani sun shigo layi amma za su watse bayan girbi, mun rubuta wa kowa takarda ya kai asibitin garinsu. Ɗaya daga gidajen nan biyu da suka hana mu taka ƙofarsu matar ta aiko da yaro ta hannun maƙwabciya, mun mayar da shi mun ce sai da sanin uban, abokin aikina zai same shi a majalisa.

Ta wata 15 har yanzu ita ce ciwon kai, yaro ya fara tafiya uwa ta yi sabon ciki, a ganinta an gama da shi, ta huɗun palu ta wata 24 ma na san haka za mu sha da ita in lokacinta ya zo. Za mu gwada haɗa ta da awon ciki, duk mai cikin da ta zo a tambaye ta ina na bayanta. Yanzu an shiga dashen muskuwari, dawar rani, mata na karal, gonakinta, tun asuba, don haka fitar bayan mayo ta koma ranar Juma'a da ba a zuwa gona. Bororo kuma arɗo ya aiko cewa sai ƙarshen Nuwamba za su sauko, yaran da muka yi wa ta farko a Mayu duk suna bin mu biyu-biyu, na ware sunayensu a shafi daban. Takardar neman firigon sola tana distirik tun Afrilu, gobe shef zai sake bi.